Amsa ga mai tafiya Osaka da yake son ganin wasan geisha: ina zai je, kuma hannun wa kuɗinsa zai shiga

Wani ɗan uwa da ya samu gurbin ƙaro karatu a birnin Osaka na ƙasar Japan ne ya turo tambaya, yace yana so kafin ya gama ya dawo gida ya ga kiɗa da rawar geisha, matan nan masu nishaɗantar da baƙi da kiɗa da rawar gargajiya, da idonsa, sai dai abu biyu sun tsaya masa a rai. Na farko abokinsa yace masa ai matan banza ne aka yi wa kwalliya, na biyu kuma ya ji ance in kai ba attajiri bane ko ƙofarsu ba za ka leƙa ba. Ya ƙara da cewa in dai sana'ar gaskiya ce, yaya zai yi ɗan abin da zai kashe ya shiga hannun masu yinta ba hannun 'yan kamasho ba.

Toh malam, kiɗan gargajiya shine fannina kuma na zauna gaban malamar shamisen, wani abin kiɗansu mai tsirkiya, a can na ɗan kwana biyu, don haka bari in baka abin da na sani. In a taƙaice kake so, ka sayi tikitin wasansu na shekara-shekara ka shiga ka zauna ka kasa kunne, shine mafi arha, shine kuma inda za ka ga asalin aikin, sannan kuɗin unguwarsu yake shiga kai tsaye. Amma tunda tambayar taka doguwa ce nima bari in ja zancen.

Maganar abokinka tukunna. Ba daga sama ya ɗauko ta ba, amma ya haɗa gabas da yamma. Waɗanda aka fara kira geisha ma maza ne, 'yan barkwanci da makaɗa masu nishaɗantar da baƙi a gidajen shagali, sai wajen shekarun 1750 mata suka fara shiga, kafin ƙarnin ya ƙare kuwa sun mamaye sana'ar. Gaskiya ne a unguwannin shaƙatawa abin ya taso, irinsu Yoshiwara ta birnin Edo wanda shine Tokyo ta yanzu, amma a can ɗin ma akwai masu waccan sana'ar daban, manyansu ana ce musu oiran, kuma a 1779 aka kafa ofishin rajista na musamman a Yoshiwara wanda cikin aikinsa har da sa ido kada geisha ta ƙwace wa oiran baƙo, ita nata kiɗa da rawa ne kawai, har irin kayan da za ta sa sai da aka taƙaita mata. Abin da ya ƙara dagula sunan shine bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da sojojin Amurka suka cika ƙasar, duk macen da ta sa kimono, rigar gargajiyarsu, ta tsaya bakin titi sai su kira ta geisha, suka koma gida da wannan labarin, fina-finai kuma suka ɗora a kai. Japan ta yi dokar hana karuwanci a 1956, ta fara aiki gaba ɗaya a 1958, gidajen geisha kuma ba a rufe su ba don ba su dokar ta shafa ba.

Amma fa ba zan wanke maka tarihin tas ba. Kafin yaƙi iyaye matalauta suna miƙa 'ya'yansu ƙanana ga gidajen geisha a karɓi kuɗi, yarinya ta tashi da bashi a wuya ta yi shekaru tana biya, kuma akwai al'adar attajiri ya ɗauki nauyin geisha ɗaya ta zama tamkar tasa. Yanzu ba a sayar da kowa, yarinya da kanta take nema bayan ta gama ƙaramar sakandare tana shekara 15 ko 16, da amincewar iyayenta, wasu ma ta intanet suke turo takardar neman shiga. Duk da haka a 2022 wata tsohuwar 'yar koyo a Kyoto ta fito a Twitter tace ana sa ta shan giya tun ba ta kai shekara 20 da doka ta yarda ba, kuma baƙi suna taɓa ta, abin ya tada ƙura sosai a ƙasar. Ni a ganina wanda yake son wannan fasaha da gaske bai kamata ya toshe kunne ga irin wannan ba, yana ma daga cikin dalilan da yasa nake tura mutane zauren wasa maimakon ɗakin shan giya.

Yanzu ga yadda abin yake tsaye. A shekarun 1920 ana lissafin geisha wajen 80,000 a faɗin Japan, yau kuwa wajen dubu ɗaya ake magana ko ma ƙasa da haka. Kyoto ce cibiya, kuma kai ka yi sa'a don daga Yodoyabashi a Osaka in ka hau jirgin Keihan mai sauri ba ka cika awa ɗaya ba ka sauka a tashar Gion-Shijo, tsakiyar harkar kenan. A Kyoto ba sa cewa geisha, geiko suke cewa, 'yar koyo kuma maiko, ka riƙe wannan don in kace geisha a can nan take an gane baƙo ne kai. Unguwanninsu biyar ne, Gion Kobu wadda ta fi girma, sai Gion Higashi, Pontocho, Miyagawacho, da Kamishichiken wadda ta fi tsufa tana can arewa kusa da wurin bautar Kitano Tenmangu. Kowace unguwa da zauren wasanta, da makarantarta, da salon rawar da take bi, ba sa cakuɗawa.

Yarinya in ta shigo gidan da zai riƙe ta, okiya kenan, kusan shekara guda tana share-share da aike tana koyon harshen Kyoto da rawa, ba kwalliya ba komai. In ta ci jarabawar rawa sai ta yi kamar wata ɗaya tana bin manya tana kallo, sannan a yi bikin fitowarta a matsayin maiko, a haɗa ta da wata babba da za ta riƙa ce wa yaya har ƙarshen rayuwa, mai gidan kuma uwa take ce mata. Maiko ba ta da albashi, gida ne ke ci da ita ya yi mata sutura ya biya malamai, abin da ta samo kuma na gida ne, ita 'yan kuɗin kashewa kawai ake ba ta. Bayan kamar shekara biyar, tana wajen 20 ko 21, sai a canza mata wuyan riga daga mai ja zuwa fari ƙal, ta zama geiko. In kana son bambance su a ido, maiko gashin kanta ne aka gyara, shi yasa take kwana kan ɗan matashi mai tudu kada ya lalace, tana da furanni a ka masu canzawa kowane wata, ɗamararta mai tsawon fiye da mita biyar tana reto a baya, takalminta na katako mai tudu. Geiko kuwa hular gashi take sawa, adonta kaɗan ne.

Toh amma duk wannan ado ne, kuma shi kowa ke ɗauka a hoto. Ni inda nake so ka kai hankalinka daban ne. A cikinsu akwai masu rawa, tachikata, akwai kuma masu kiɗa da waƙa, jikata. Jikata yawanci manyan mata ne, ba farin hoda a fuska, sun sa baƙin kimono ko mai duhu sun durƙusa a gefe, babu mai ɗaukarsu hoto, alhali su ne ƙashin bayan wasan. Rawa in yarinya tana da jiki za a iya fito da ita cikin shekara guda ta yi 'yan guda biyu uku masu kyau, amma shamisen da waƙa a tare, ki bi mai rawa ki san inda za ki ja inda za ki sassauta, wannan aikin shekaru ne masu yawa, kuma a nan ne ƙarancin ya fi tsanani, unguwanni da dama kukan rashin jikata suke yi don tsofaffin suna tafiya matasa kuma kowa rawa take so.

Shamisen ɗin kansa tsirkiya uku gare shi, jikinsa ɗan akwati ne mai kusurwa huɗu an rufe gaba da baya da fata, sai doguwar sanda wadda ba ta da ko alama ɗaya ta inda za ka danna, kunnenka da yatsanka ne kawai za su gaya maka. Asalinsa daga tsibiran Ryukyu, Okinawa ta yanzu, ya shigo ta tashar jiragen ruwa ta Sakai a ƙarni na 16, Sakai ɗin nan kuwa tana nan manne da Osakarka. Na Ryukyu fatar maciji ake sa masa, da ya iso babbar ƙasa babu manyan macizai sai suka koma fatar kyanwa da ta kare, yanzu kuma saboda wahalar samu da ƙyamar da mutane ke yi ana gwada ta roba da ta kangaru. Tsirkiyar ta siliki ce an rina ta ruwan ɗorawa, siririyar cikinsu saurin tsinkewa gare ta, kuma in damina ta shigo a watan Yuni raɓa kan sa fatar ta yage, sai an kai wa mai gyara. Ana kaɗa shi da wani faffaɗan abu mai kama da ganyen itace da suke ce wa bachi, wanda ba tsirkiya kaɗai yake duka ba har fatar yake sauka a kai, shi yasa kake jin amo biyu a haɗe, na tsirkiya da na ganga. Sannan akwai wata 'yar dabara a can saman sandar, tsirkiya ta farko mai kauri da gangan aka bar ta tana gogar katako, sai ta riƙa wani zuuu a ƙarƙashin sauran sautin. Baƙo yakan ɗauka kayan ne ya lalace, su kuwa in babu wannan zugar cewa za su yi shamisen ɗin ba shi da rai.

Yadda ake koyarwa ma abin kallo ne. Malama tana gabanka a durƙushe, gwiwa da gwiwa, ta kaɗa layi ɗaya ka maimaita, in ka kuskure ta sake, ba dogon bayani. Da baki take rera maka kiɗan, chin, ton, ten, tsun, shan, kowace kalma tana nuna wace tsirkiya ce kuma a danne take ko a sake, sai bakinka ya haddace sannan hannu ya bi. Akwai rubutun kiɗa yanzu amma a gaban baƙi ba mai buɗe takarda. Ɗaurin tsirkiya iri uku ne manya, honchoshi da niagari da sansagari, kuma gwanaye a tsakiyar waƙa suke murɗa kunnen kayan su canza ɗauri ba tare da kiɗa ya tsaya ba, in ka samu kujera kusa ka sa ido kan hannun hagunsu za ka gani.

Waƙoƙin kuma aji-aji ne. Nagauta doguwa ce, daga gidan wasan kabuki, wasan kwaikwayonsu na gargajiya, ta fito, ita ce mai armashi da yawan makaɗa. Jiuta ta yankin Kyoto da Osaka ce, a hankali take tafiya kamar ba za ta ƙare ba, ita ake yi wa rawar cikin ɗaki. Kiyomoto da tokiwazu labari suke bayarwa. Sai kouta, 'yar gajeriya wadda wata ba ta wuce minti biyu ba, ita ba a sa bachi, da gefen yatsa ake taɓa tsirkiya, murya ƙasa-ƙasa, kalmomin cike da habaici da zaurance na soyayya da kewa da sauyin yanayi, kuma ni a wajena ita ce zuciyar kiɗan geisha don don ƙaramin ɗaki aka yi ta. Kada ka damu in da farko kunnenka ya ƙi karɓa. Muryar a matse take fita daga maƙogwaro, kuma mai waƙa da gangan take ɗan gaba ko ɗan bayan kiɗa, ba sa sauka tare, sannan akwai shiru a tsakanin bugu da bugu wanda shi ma lissafaffe ne, wanda bai iya riƙe wannan shirun ba ko hannunsa ya kai walƙiya sauri ba a ɗauke shi gwani ba.

Gangunan su ne nake ganin Bahaushe zai fi saurin ganewa. Kotsuzumi 'yar ganga ce mai siririn ƙugu da igiyoyi sun haɗa bakin nan da wancan, a kafaɗar dama ake ɗora ta, hannun hagu yana matse igiya yana saki don sautin ya hau ya sauka, dabarar kalangu sak, sai dai da yatsu ake bugunta ba da makaɗi ba. Ita danshi take so, za ka ga mai bugun tana hura mata numfashi ko ta lasa yatsa ta jiƙa wata 'yar takarda da aka manna a fatar baya. Yayarta otsuzumi kuma akasin haka, sai an gasa fatarta kan garwashin gawayi ta bushe ƙamas kafin wasa, ita ce mai ƙara kamar an fasa busasshen icce. Da ganga ta ƙasa mai sanduna biyu, da sarewa, kuma masu bugun suna ihu yo, ho, iya a tsakani, wannan ba shauƙi bane ya ɗebe su, da shi suke ba juna lokaci tunda babu wani mai tsayawa gaba yana kaɗa musu hannu.

Sai inda za ka je. Shekarar karatu a Japan a Afrilu take farawa, in a lokacin ka sauka to ka faɗo daidai lokacin. Miyako Odori, wasan rawar shekara-shekara na Gion Kobu, watan Afrilu ake yinsa kusan daga farko har ƙarshe, sau uku a rana, kamar awa ɗaya. An fara shi a 1872, lokacin Kyoto tana cikin takaicin sarki ya tashi ya koma Tokyo kasuwa ta mutu, sai aka shirya baje koli aka nemi geiko su fito fili su yi rawa gaban jama'a, Inoue Yachiyo ta uku ce ta tsara rawar, kuma tun daga nan salon Inoue kaɗai ake koyarwa a Gion Kobu. Mai riƙe da gidan yanzu, Inoue Yachiyo ta biyar, a 2015 gwamnati ta sa ta cikin mutanen da take ɗauka a matsayin taskar ƙasa mai rai. Rawar tasu in kana jiran tsalle da juyi za ka yi barci, ƙugu a ƙasa, ƙafa tana jan ƙasa ba a ɗaga ta sai in za a dira, fuska ba murmushi ba ɓacin rai, duk maganar tana cikin wuya da mafici da yadda aka karkata kafaɗa. A 'yan shekarun nan tikitin yana kamawa daga wajen yen 4,000 zuwa 7,000, mai tsadar har da shayi wanda geiko ke haɗawa a gabanka kafin a shiga, su baka ɗan abin zaƙi a faranti ka tafi da farantin gida. In an buɗe labule za ka ga jikata a jere a gefe ɗaya da shamisen, masu ganga da sarewa a ɗaya gefen, 'yan rawa su shigo ta hanyoyi biyu da ke gefen masu kallo. Kowa zai juya wajen 'yan rawa, kai ka raba idonka biyu.

Ba shi kaɗai bane. Kitano Odori na Kamishichiken daga ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, ɗan ƙaramin zaure ne kana jin numfashin mai waƙa. Kyo Odori na Miyagawacho shima Afrilu. Kamogawa Odori na Pontocho daga 1 zuwa 24 ga Mayu, shi ma tun 1872, rabinsa na farko wasan kwaikwayo ne. Gion Odori na Gion Higashi 1 zuwa 10 ga Nuwamba. A watan Yuni unguwannin biyar suna haɗuwa su yi wasa ɗaya. Amma in kiɗan kake so tsantsa ka nemi wasannin kaka, irin Onshukai na Gion Kobu a Oktoba, waɗannan ba don 'yan yawon buɗe ido ake yinsu ba, gwada ƙwarewa ne a gaban malamai da masana, zauren cike da tsofaffi masu sanin inda aka yi kuskure. In ka leƙa Tokyo akwai Azuma Odori na geishan Shinbashi a Mayu wanda aka fara a 1925.

In aljihu ya yi ƙasa, ɗalibi ne kai na sani, akwai na kyauta. Wajen ranakun 2 da 3 ga Fabrairu maiko suna rawa a dandamalin wurin bautar Yasaka suna watsa wa jama'a gasasshen wake, sai dai ka sani bikin addininsu ne, kai ka san inda za ka tsaya. A 2024 kuma an buɗe gidan tarihi a harabar zauren Gion Kobu inda ake nuna kimono da kayan aiki kuma ana 'yar gajeriyar rawa kullum da kuɗi kaɗan.

Zancen sai attajiri kuwa, ga inda ya samo asali. Asalin aikinsu na kullum shine zaman dare a gidan shayi, ochaya, kuma waɗannan gidajen ba sa karɓar baƙon da ba wanda ya kawo shi. Ba wulaƙanci bane zalla, tsarin bashi ne, ba a biyan kuɗi a daren, uwar gida ce ke biyan komai, abincin da aka yi oda daga waje, kuɗin geiko, har tasin da zai mai da kai gida, daga baya ta aiko maka da lissafi, to kaga ba za ta yi wa wanda ba ta san asalinsa ba, in ka gudu wanda ya kawo ka ne zai biya. A da da turaren tsinke ake auna lokacin geisha, in ɗaya ya cinye an ci kuɗin ɗaya. Yanzu manyan otal da wasu gidajen abinci suna shirya wa baƙi irin wannan zaman, amma ka shirya dubun-dubatar yen a kan mutum ɗaya. Kuma in faɗa maka gaskiya zaman giya ne, ana zuba giyar shinkafarsu mai suna sake ana wasanni irin konpira fune fune wanda ake taɓa ɗan kwano bisa kiɗa wanda ya kuskure a ba shi kofi ya shanye. Za ka iya cewa kai shayi za ka sha ba wanda zai tsangwame ka, amma kwalba tana kan tebur, kuma girkinsu da wuya ka samu wanda ba a ɗiga masa mirin, giyar girki, ko sake ɗin ba sai in ka yi magana tun wajen yin oda. Kiɗa da rawar da za ka gani a daren duka ba su wuce guda biyu uku ba. Ni dai da wannan kuɗin gara in shiga zaure sau goma.

Abu ɗaya don Allah kada ka yi, bin su a titi da waya. Wadda ka gani da yamma tana sauri aiki za ta, lokacinta wani ya riga ya biya. Abin ya kai baƙi suna tare musu hanya suna jan hannun riga, har a Oktoban 2019 mutanen Gion suka kafa alluna na hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba da tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka fara hana shiga wasu lungunan gaba ɗaya. Babban titin Hanamikoji a buɗe yake ka bi abinka. Waɗanda kuma za ka gani da rana tsaka suna yawo suna tsayawa ana ɗaukarsu, yawanci 'yan yawon buɗe ido ne suka biya shago aka yi musu kwalliyar.

Kan batun tallafi, ka gane cewa geiko in ta tsaya da ƙafarta komai daga aljihunta yake fita, kimono na kowane yanayi, gyaran hular gashi, kuɗin malaman rawa da shamisen da waƙa da shayi, kuma ba a gama karatu, mai shekara 70 ma tana zuwa darasi. A bayanta kuma akwai jerin masu sana'ar da ita ce kasuwarsu, masaƙan unguwar Nishijin ta Kyoto, masu rini, masu furen kai, mazan da aikinsu kawai ɗaure ɗamara, masu murɗa tsirkiyar siliki a Kinomoto ta jihar Shiga. Lokacin korona Miyako Odori bai yiwu ba a 2020 da 2021, kuma a 2020 ɗin ne Tokyo Wagakki, babban kamfanin ƙera shamisen da ke Hachioji, ya sanar zai rufe, sai da makaɗa da masoya suka yi karo-karo oda ta riƙa shigowa sannan ya fasa. Wato ba 'yan rawar kaɗai ke bakin rami ba, wanda zai sassaƙa kayan ma saura ƙiris.

Don haka tikiti ka saya a shafin unguwar da kanta ko a tagar zaure, kada ka bi ta dillalan yawon buɗe ido masu ninka kuɗi, kuma ka sayi ɗan littafin wasan da ake sayarwa a ƙofa. Akwai gidauniyar da aka kafa a Kyoto a 1996, ana ce mata Ookini Zaidan, ita ke tallafa wa horo da gyaran zaure da kula da tsofaffin geiko, tana da ƙungiyar masoya da ake biyan kuɗin shekara a riƙa samun gayyatar wasanni, in zamanka zai yi tsawo ka duba ta. Sannan kada ka tsaya Kyoto kaɗai don ita ko ba kai tana da masu zuwa, ƙananan garuruwa ne suka fi buƙata. Arima Onsen tana nan bayan Kobe kusa da kai akwai geiko, Kanazawa tana da unguwanni uku har da gidan shayin Shima na 1820 da aka mayar gidan tarihi, a Atami ana wasa Asabar da Lahadi da safe a zauren geishan garin da kuɗi kaɗan. A Niigata ma da suka ga abin zai mutu 'yan kasuwar garin ne suka haɗu a 1987 suka kafa kamfani mai suna Ryuto Shinko yana ɗaukar 'yan mata aikin geisha da albashi da hutu kamar kowane ma'aikaci, kuma ni ina ganin wannan tsarin ya fi kare yarinya fiye da tsohon.

In kuma kana da ƙarfin hali ka shiga ajin shamisen. Jami'o'i da yawa suna da ƙungiyar ɗalibai ta kiɗan gargajiya, su ara maka kaya kyauta ko da ɗan kuɗi kaɗan, ka tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje a makon farko kafin a rufe ɗaukar sabbi. Malaman da ke koyar da nagauta da kouta a gari kuma da yawansu gidan kiɗa ɗaya suka fito da masu koyar da geiko, wasu ma tsofaffin geisha ne da suka ajiye aiki, kuɗin darasinka shine abincinsu. Ka dai fara koyon zaman durƙuso a ɗakinka tun yanzu, minti biyar-biyar, kuma ka tafi da farar safa mai tsabta a jaka don ba a hawa tabarmar malama da ƙafa tsirara.